Motar da Ta Riƙe Ƙafar Nura

Yaran da ke shiga sana'ar giyabos yanzu gani suke aikin ya zama tuwo. A jona kwamfuta a ƙarƙashin sitiyari, ta faɗi ciwo, a sauya abin da ta faɗa, a wanke hannu. Ni ma ina da kwamfutar, kuma ina amfani da ita, don haka kada wani ya ce tsoho ne ke kishin zamani. Abin da nake cewa shi ne, kwamfuta tana gaya maka abin da ke damun mota, amma ba ta gaya maka abin da ke damun mai ita. Sunana Ado, a Zaitawa aka haife ni, garejina yana gefen Shahuci, kuma a cikin man giya furfurata ta fito.

Giyabos na farko da na ga cikinsa na wata tsohuwar tasi ne, mai giyar hannu. Maigidana Malam Inuwa, Allah Ya jiƙansa, ya kwance shi a kan buhu, ya turo min kwanon kananzir ya ce in wanke haƙoran ɗaya bayan ɗaya. Haka na yi ta wankin haƙora har damina ta zagayo kafin ya bar ni in riƙe sifana. A lokacin ina ganin mugunta ce. Shi kuwa so yake idona ya saba da ƙarfe. Yakan ɗaga haƙorin giya ya duba shi a hasken rana ya ce, "Wannan direban hannunsa ba ya sauka daga kan sandar giya. Ƙafarsa ta hagu kuma kwana take a kan kuloci. Ga shi da gaggawa, cusa lamba biyu yake yi kafin kuloci ya kai ƙasa." In direban ya zo karɓar mota, sai Malam ya zayyana masa halinsa tsaf, mutum ya yi tsuru yana tunanin ko duba ake yi a garejin. Babu duba. Ƙarfe ne ke riƙe halin mai taɓa shi.

Mota mai giyar hannu ba ta da wuyar sha'ani. Ka ba ta man giya mai kyau, ka sauke ƙafarka daga kuloci in ka gama da shi, ka bar ta ta tsaya cak kafin ka sa ribas, za ku rabu lafiya. Da atomatik suka cika gari, da yawa daga sa'o'ina suka ce su ba za su taɓa motar ragwaye ba. Yau wasunsu faci suke yi. Ni na zauna na koya, na ɓata na gyara. Atomatik jan mai ne ranta. In ka zaro shi ka ga ja garau, lafiya. In ya yi duhu yana ƙauri kamar ƙanzon tukunya, to an ci zalinta. Kuma masu cin zalin ba sa ƙarewa. Wani ya zuba mata baƙin mai don ya fi araha, wani ya jefa ta a firi a gangara wai yana tattalin fetur, wani ta mutu masa a hanya ya ɗaura igiya ya ja ta tun daga Wudil, sannan ya zo yana rantsuwa cewa da kanta ta lalace.

Sai kuma sababbin, masu ƙwaƙwalwa a cikin giya. Waɗannan koyon ƙafar direba suke yi. In kai mai lallaɓa totur ne, za ta riƙa sauya giya da wuri, a natse. In kai mai taka shi har ƙasa ne, za ta koyi riƙe giya tana jiran ka. Mai giyar hannu a ƙarfe take ajiye halinka, wannan kuwa a kai. Na san wannan a karance shekaru da yawa, amma ban san nauyinsa ba sai a shekarar da fetur ya yi tashin gwauron zabi.

Shekara ce mara daɗi. Mutane suka jingine motoci suka koma hawan adaidaita, ramin garejina ya bushe har kaji suna kwana a ciki. Ina zaune a kan benci wata ranar da hantsi sai ga Alhaji Mustafa a ƙafa. Dattijo ne ɗan Koki, mai sayar da shadda, irin mutanen da ko tafiya suke yi ba ka jin takunsu. Na san shi ta hanyar ɗansa Nura, wanda ke kawo min motarsa juyen mai. Nura ya rasu a daminar da ta wuce, a titin Zariya, yana tuƙa motar abokinsa. Ina cikin waɗanda suka kai shi.

"Malam Ado," in ji Alhaji bayan mun gaisa, "motar yaron nan nake so ka duba. An sami mai saye. Ba na son in sayar wa mutum abin da ban san lafiyarsa ba."

Motar irin ta tsere ce, shuɗiya, ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. Ba a yi ta don cikin gari ba. Lungun gidansu ma ba ta shiga, sai a wani shago a bakin titi ake ajiye ta. Tun rasuwar ba wanda ya motsa ta daga wurin, sai dai Alhaji yakan zo da safe ya tayar da ita ta yi zafi, ya kashe. Muka je shagon, na duba jan mai, na duba ƙasa ko akwai yoyo, sannan na ce mu fita gwaji. Ya zauna a gefena.

Ni ba mai gudu ba ne, motar mutane ma balle. Muka fito titi na taɓa totur a hankali. Ta shiga lamba biyu, ta ƙi fita. Inji yana kuka, tana riƙe da giya, tana jira in taka. Ban taka ba, ta saki da ƙyar kamar mai jin haushi. Da muka doshi shataletale na ɗan ɗora ƙafa a birki, ɗorawa kawai, sai ta sauke giya da kanta, salansa ta yi wani haushi, motar ta tsuke jiki tana shirin shan kwana da gudun da ni ban yi niyya ba. Na tuƙa motoci iri-iri, amma ranar ce na fara jin kamar akwai wata ƙafa a kan tawa. Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba.

Na juya zan yi magana, na ga Alhaji ya dafe gaban mota da hannu biyu, idonsa a rufe.

"Haka yake yi," ya ce. "A daidai nan, haka yake yi. Kullum ina masa faɗa."

Na gangara gefe na tsaya. Na yi masa bayani yadda zai gane, cewa ba aljani ba ne, ƙwaƙwalwar giya ce ta haddace ƙafar Nura, kuma tunda ba wanda ya tuƙa ta bayansa, ba ta sami wata ƙafar da za ta koya ba. Na ce abu ne mai sauƙi, in mun koma zan jona kwamfuta in goge, mai saye ya karɓe ta kamar sabuwa.

"Wato abin da na ji yanzu ƙafarsa ce?"

"Yadda yake taka ta ne, Alhaji."

"Kada ka taɓa," ya ce. "Na fasa sayarwa."

Haƙƙin sana'a ne in gaya masa gaskiya duka, na kuwa gaya masa. Atomatik ba ta son zama. In aka bar ta a ajiye, robobin ciki za su bushe, mai ya kwanta, wata rana a tashe ta ta ƙi motsi. Dole a riƙa tuƙa ta. In kuma aka riƙa tuƙa ta, za ta koyi sabuwar ƙafa ta manta tsohuwa. Ko ta wace hanya aka bi, abin da yake son riƙewa tafiya zai yi.

Ya kalli sitiyari. Can ya ce, "In aka tuƙa ta yadda yake tuƙa ta fa?"

Na ce to, ba za ta manta ba. Har da 'yar dariya na faɗa, don na ɗauka zance ne kawai. Mutumin ya haura saba'in, kuma rabonsa da tuƙi tun kafin a haifi Nura, direba ke jan sa.

Ba a daɗe ba labari ya fara iso ni. Mai shayin bakin titin Koki ya ce min ranar da ya fara jin kukan motar da safe, butar hannunsa ya saki, don ya rantse yaron ne ya dawo. Yadda take tashi, yadda take haushi a kwana, babu bambanci. Sai da ta wuce ya hango farar hula da farin gemu a bayan sitiyari. Mutanen unguwa suka fara janye yaransu daga bakin titi in hantsi ya yi.

Alhaji ya ci gaba da kawo min ita, kuma motar ta riƙa ba ni labarin da shi ba ya bayarwa. Jan man da ya kamata ya kai wata da watanni sai ya dawo da duhu da ƙauri. Birki yana cinyewa kamar ana gogawa a dutse. Gefen tayoyin gaba ya suɗe. Irin abin da nake gani ke nan lokacin da Nura ke raye. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ban taɓa jin inda ɗa ya yi gudu uba ya koya a wurinsa ba.

Wata rana bayan na juye mata mai na ce zan bi shi in ji yadda giya ke shiga. Muka fita bayan ganuwa inda titi ke da faɗi. Da farko a hankali yake tafiya, yana sauraro, kansa a karkace. Sai motar ta riƙe lamba biyu tana jira, shi kuma ya ba ta abin da take jira. Bayana ya manne da kujera. Abin da ya fi ba ni tsoro fuskarsa ce, don babu fargaba a cikinta ko kaɗan, sai wani sakin jiki da ban san shi da shi ba. Ya ɗora gwiwar hannu a taga, yana riƙe sitiyari da yatsu. Muka doshi kwana, ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Baba Ado, riƙe da kyau."

Alhaji ya girme ni. Tunda muke bai taɓa kira na Baba ba, Malam Ado yake cewa. Mutum ɗaya ne ke faɗa min wannan maganar a wannan kujerar, kuma da hannuna na zuba masa ƙasa. Da muka tsaya na tambaye shi me ya ce ɗazu. Ya dube ni da mamaki ya ce shi bai yi magana ba.

A satin ne babbar 'yarsa, Hajiya Rabi, yayar Nura, ta zo gareji. Malamar makaranta ce, mace mai kamun kai.

"Baba Ado, an ce akwai abin da ake gogewa a motar nan. Don Allah ka goge, ko bai sani ba. Jiya saura ƙiris ya haɗu da tirela. Ya dawo gida yana murmushi."

Na ce mata ba zan iya ba. Mota amana ce, mai ita ya ce kada in taɓa, ba zan saci hanya in taɓa ba. Na yi mata alkawarin zan yi masa magana, na kuma yi. Ya saurare ni har na gama, ya yi min godiya, ya tambaye ni ko man da nake zuba mata shi ne wanda Nura ke saye.

Bayan wani lokaci Rabi ta dawo. Wannan karon ko zama ba ta yi ba.

"Baba, na yi abin da ka ƙi yi. Ranar da ya tafi ta'aziyya ƙauye na sa an kai motar wajen wani mai kwamfuta a Ƙofar Ruwa, ya goge a gabana. Ta dawo salihar mota, ni da kaina na ji. Na yi sadaka, na ce an rabu da bukar." Ta dube ni. "Baba, abin ya dawo. An goge, ya dawo. Yau da safe na ji ta, sak kamar da. Ko dai malamai za a kira su yi mata addu'a?"

Ruwa ba ya tsami banza. Da Alhaji ya kawo motar na jona tawa kwamfutar, dubawa kawai, ban taɓa komai ba. Yaron Ƙofar Ruwa bai cuci Rabi ba, ya goge tas. Duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwar sabo ne, bayan gogewar aka koya mata shi. Na daɗe a durƙushe a gefen motar da waya a hannuna. Da a ce gogewar ce ba ta yi ba, da na ji sanyi, don wannan gyara ne da na iya. Amma babu sauran Nura a cikin motar nan, ko ɗigo. Ƙafar da take bi yanzu tana zaune a kan bencina, cikin takalmin fata, tana jiran in gama.

Na je na zauna kusa da shi. Ban san ta inda zan fara ba, sai na fara ta tsakiya. Na ce, "Alhaji, an goge motar nan."

"Na sani," ya ce. "Tun ranar da na dawo na shiga na ji ta kamar baƙuwa. Rabi ce. Ban yi mata faɗa ba, tsoro take ji." Ya gyara hularsa. "Sai na sake koya mata. Ba ta ba ni wahala ba."

"To ka ga ke nan ba a cikin motar yake ba."

"A'a, ba a ciki yake ba." Ya dubi ƙafarsa ta dama kamar ta wani. "Malam Ado, yaron nan yana raye ban taɓa tambayarsa me yake ji in yana gudu ba. Faɗa kawai nake yi. Yanzu na san abin da yake ji. Ita kun goge ta. Ni da wace kwamfutar za ku goge ni?"

Abin da na ce masa shi ne, in abin yana jikinsa, to ba ya bukatar motar kafin ya riƙe shi. Na ce titin Koki akwai 'ya'yan mutane. Na ce ƙafar nan mun san inda ta kai mai ita, kuma Rabi ta riga ta yi zaman makokin ƙane, bai kamata ta yi na uba a kan abu ɗaya ba. Na faɗa da kaushi, don ni ma tsoron ya ishe ni.

Muna nan aka kira azahar. Muka yi salla a masallacin gefen gareji. Da muka fito ya zaro makulli ya ajiye a kan benci, ya tari adaidaita ya tafi, bai waiwayi motar ba. Wani ɗan Kaduna ne ya saye ta. Kafin ya zo ɗauka na sauya mata mai da matatar mai, na sa sabon birki, na goge ƙwaƙwalwar da izinin Alhaji. Rabi ta aiko min da godiya da kwanon alkaki, ta ce yanzu take barci.

Alhaji ya koma kujerar baya a motar gida, Malam Sule direbansa na shekaru yana jan sa kasuwa ya dawo da shi. Malam Sule mutum ne da keke ma kan wuce shi a hanya. Kwanaki ya kawo min motar juyen mai. Ina share ciki na ɗaga tabarmar ƙafa ta baya, wajen zaman Alhaji, na ga ta huje. Ba ko'ina ba, wuri ɗaya, ɓangaren dama, daidai faɗin tsinin takalmi. Kafet ɗin ƙarƙashinta ma ya fara suɗewa.

"Ba wannan ce ta farko ba," in ji Malam Sule. Ya matso kusa ya rage murya, ko da yake mu biyu ne a wurin. "Ba ya magana, carbinsa kawai yake ja. Amma duk inda titi ya buɗe sai in ji ƙafarsa ta danna ƙasa a baya. In mun doshi kwana in ji ta buga. Malam Ado, abin da ya kawo ni ba mai ba ne. Wallahi kwanan nan in ya danna, sai in ga tawa ƙafar ta bi."

Na shiga shago na ɗauko masa sabuwar tabarma. Abin da nake da shi ke nan.